Tsohuwar karya mai ciwo da aka bar mana a Bagalam: ta ina zan fara?

Lawali:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. An yi wa maƙwabcinmu canjin wurin aiki zuwa Yamai, ya tashi da iyalinsa ya bar karyar da ke masa gadi. Ya ce ta haura shekara 10, ba za ta jure hanya ba. Ina so in karɓe ta, don muna da awaki a bayan gida kuma ta saba da yaranmu. Sai dai ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. In za ta tashi daga kwance sai ƙafafun baya su dinga rawa. Kunnuwa da tsakanin yatsu duk kaska, gashin gwiwa da na gefen kunne ya zube tana ta susa, idanu sun yi fari-fari, baki na wari. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne shan ruwa, kwanonta ba ya zama da ruwa. Wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya ce in kai ta ya yi mata Ivomec, allurar tsutsa da ƙazuwa, da Berenil, ta cututtukan jini, da allurar ƙarfi rana guda a wuce wurin. Haka ya dace? In bai dace ba me zan fara da shi, me zan ba ta ta ci, kuma akwai haɗari ga yara?

Dakta Rabi:

Wa alaikumus salam Malam Lawali. Allah ya saka da alheri. Kada ka kai ta a yi mata waɗannan allurai uku. Ƙoda da hantar tsohuwar karya ba sa tace magani kamar na ƙarama, kuma mai sayarwar da ido zai auna, da hannun da ya saba yi wa shanu. Kafin kowane magani akwai abubuwan da sai ka sani, kuma kusan duk a gida za ka same su.

Fara da kiran tsohon maigidanta. Ka tambaye shi karnen allurarta, wato littafin rigakafinta, musamman ta ciwon haukan kare, da ranar da aka yi ta ƙarshe. Ka tambaye shi ko wani kare ya cije ta a watannin nan. Sannan ka tambaye shi yaushe rabon da karnuka maza su taru a ƙofar gida saboda ita. Karya ba ta daina neman barbara don ta tsufa, kuma wannan amsar ita ce ta fi damuna, zan dawo kanta.

In babu karne, ka ɗauka ba a taɓa yi mata ba. Ka ware mata wuri mai inuwa da za a iya rufewa, mako biyu ba ta fita unguwa, yara ba sa zuwa kusa da ita lokacin cin abinci ko barci. Kare mai ciwon gaɓoɓi da raunin ido yana cizo in an taɓa shi ba zato, ko da ya san mutum. Allurar haukan kare a ofishin kiwo ko wurin likitan dabbobi ake yi, ka tabbata daga firiji aka ɗauko ta, don wadda ta yini a rana ba ta da amfani. Tana ɗaukar kamar mako uku zuwa huɗu kafin ta kama jiki, kuma a maimaita duk shekara. In zazzaɓi take yi, likita zai jinkirta har ya sauka. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a sa Betadine, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a kashe karyar, a tsare ta ana lura da ita kwana 15.

Sai nauyi. Ka ɗaure mata baki da ƙyalle mai laushi, ka zagaya shi sau biyu a hanci ka ƙulle bayan kunne. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da ita, ka cire. Duk lissafin magani a kan wannan lambar yake.

Ruwan kuma a auna shi. Nemi gorar lita ɗaya da rabi, da ita kaɗai za ka riƙa zuba mata, a kwanon da awaki da kaji ba sa kaiwa. Kullum da safe ka auna abin da ya rage, kwana uku a jere. Kare lafiyayye yana shan kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a yini, yana ƙaruwa da zafi. In ta wuce mililita 100 a kilo, akwai matsala. A ce kilo 16 ce: lita guda daidai ne, amma ta shanye gorar nan har ta nemi ƙari, wannan ba ƙishin zafin kaka ba ne. A tsohuwar karya abu uku ake fara zargi: ƙoda ta gaji, ciwon sukari, ko mugunya ta taru a mahaifa. Na ukun yakan zo mako huɗu zuwa takwas bayan lokacin neman barbara, yana kisa cikin kwanaki. Kada ka rage mata ruwa don fitsari ya dame ka, mai ciwon ƙoda da ruwan take rayuwa.

Ka ɗaga leɓenta da rana ka duba dasashi. Ja-ja mai haske ake so. Danna da yatsa ka saki, ya koma launinsa kafin daƙiƙa biyu. Fari fat na nufin jini ya yi ƙasa, rawaya na nufin jini na fashewa ko hanta ta taɓu. Zafin jiki da ma'aunin farmasi ta dubura, daga 38 zuwa 39.2 lafiya ne. In tana barci ka ƙirga ɗagawar ƙirji minti guda, kada ya wuce 30.

Idon kada ya tayar maka da hankali tukuna. Daga shekara bakwai ƙwayar idon kare kan yi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi amma yana gani. Jefa ɗan auduga gabanta ba tare da ƙara ba, in ta bi shi da ido to ba yana ba ce.

Da waɗannan lambobin za ka je wurin likita, ka nemi a duba jini da fitsari: aikin ƙoda, sukari, da ɗigon jini a madubin likita saboda cututtukan kaska.

Sanusi na kantin dabbobi:

Dakta ta gama magana kan Berenil, amma bari in sa lamba don Malam Lawali ya ga girman abin. Ƙunshi guda na Berenil ko Veriben, mai giram 2.36, na saniya mai kilo 300 ne. Kare mai kilo 16 rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin 18 na ƙunshin ba. In aka ɗara, ko aka maimaita cikin ƴan kwanaki, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: kare ya fara tangaɗi, wuya ya sandare, ido na juyawa, kuma babu makari. Ba a yin sa sai an ga ƙwayar cutar a jini.

Mafi yawan lokaci ma cutar kaskar da ke rame kare a hankali, da farin dasashi da haɓo, ba Berenil ke maganinta ba, doksisiklin ne. Miligiram 10 a kowane kilo sau ɗaya a yini, kwana 28. Ga kilo 16, ƙwaya ɗaya da rabi ta miligiram 100. A ba ta cikin abinci, a bi da ruwa, don busasshiyar ƙwaya na maƙalewa a maƙoshi ta ƙona shi. Inda ake kuskure shi ne kwana biyu uku kare ya warware ya fara ci, sai a ajiye maganin. Bayan wata biyu ciwon ya dawo.

Kaskar jikinta, waɗanda suka ƙoshi a cire da hantsaki, a kama daf da fata a ja a miƙe, a jefa cikin kananzir. Kada a murƙushe da yatsu. Sannan a ɗiga maganin kaska Frontline na kilo 10 zuwa 20 a fatar ƙeya, a buɗa gashi ya taɓa fata, ba wanka kwana biyu kafin da kwana biyu bayan, a maimaita duk wata. Amma abin da kake gani a jikinta kaɗan ne. Kaskar kare a bango take zama. Macen kan sauka ta shiga tsagar gini ta zuba ƙwai dubbai, ƴaƴan su yi watanni ba ci suna jira, kuma sama suke hawa. Duba tsagogin katanga har tsayin mutum, da ƙarƙashin murfin taga. A ƙone tsohon buhun da take kwanciya, a share, a fesa maganin kaska Taktic mililita 2 a litar ruwa a bango da tsagogi, a bar shi ya bushe kafin ta dawo, a sake bayan mako biyu, sannan a liƙe tsagogin da siminti. Da wannan haɗin ake wanke kare ma.

Susar gwiwa da gefen kunne ƙazuwa ce sai in an ga wani abu daban. Murza gefen kunnen tsakanin yatsu, in ƙafar baya ta fara harbi tana son susa, kusan ita ce. Ivomec na shanu akwai miligiram 10 a kowane mililita. Kare ana ba shi miligiram 0.2 a kilo, ke nan kilo 16 mililita 0.3 ne, ƙarƙashin fata, a sake bayan kwana 14, sau biyu ko uku. Da sirinjin mililita ɗaya ake jan sa, babban sirinji ba ya nuna wannan. Baƙin man mota da fiya-fiya da wasu ke shafawa, kare lashewa yake ya mutu. Ƙazuwar kan kama hannun mai ɗaukar kare da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, a riƙa wanke hannu.

Dakta Rabi:

Lissafinka daidai ne Malam Sanusi, amma ban yarda a wanke wannan karyar da Taktic ba. A bango, to. A jiki, yana ɗaga sukarin jini, yana rage bugun zuciya, yana sa kasala, ga shi ba mu san ko ciwon sukari ne ke sa ta shan ruwa ba. Ivomec ɗin ma ya jira sakamakon jini. Akwai tsutsar zuciya da sauro ke ɗaukowa, in ƴaƴanta sun cika jini aka yi allurar, mutuwarsu lokaci guda na iya kayar da karen. Ƙazuwa ba za ta kashe ta a mako guda ba. Frontline da cire kaska da hannu kam a yi yau.

Sanusi na kantin dabbobi:

Na karɓa, Dakta. Na tsutsar ciki fa, Drontal ƙwaya ɗaya ga kilo 10, shi ma ya jira?

Dakta Rabi:

Wannan ba shi da nauyi, a ba ta in ta fara cin abinci sosai, a sake bayan mako biyu, daga nan duk wata uku. Saboda yara ma ya zama dole. A riƙa kwashe kashinta kullum ana binnewa.

Hajiya Nana:

Malam Lawali, kan abinci, tausayi na iya sa ka cika mata kwano ranar farko. Kada ka yi. Cikin da ya daɗe da yunwa in aka ɗura masa, amai da gudawa ne. Kwana biyun farko ka ba ta sulusin abin da ya kamata, a raba sau huɗu, kana ƙarawa har mako ya cika, daga nan sau biyu ko uku a yini.

Cikakken rabon yini ga karya mai kilo 15 zuwa 16 da ba ta yawo: tuwon gero ko dafaffiyar shinkafa kamar giram 300, dafaffen nama marar kitse giram 120, ƙwai ɗaya dafaffe, kabewa ko dankali da aka dafa aka dame cikin ludayi, da ƙaramin cokali na mai. Tuwo da nama ba su da sinadarin ƙashi, don haka ka tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali a yini. Tunda baki na wari, haƙora na ciwo, a dama komai da romo marar gishiri ya yi ruwa-ruwa da ɗumi. In jini ya nuna ƙoda ce, likita zai rage naman, kada ka rage da kanka.

Ragowar miyarmu ba nata ba ce. Albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare, ita kuwa jinin ma bai ishe ta ba. Ga magi ga yaji. Goro guba ne gare ta, a lura da inda ake tofarwa. Dafaffen ƙashin kaza da na balangu tsagewa yake ya huda hanji. Kayan cikin da ake samu da araha wurin mahauta suna da kyau, amma a dafa su sosai, musamman huhu da hanta. Wanda aka ga ƙululun ruwa a jikinsa a binne shi da zurfi. In kare ya ci shi ɗanye tsutsa ke girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi, ya koma wa awaki da mutane ya yi ƙulli a hanta ko huhu.

Makwanci kuma, kada ta kwana a siminti tsirara. Tsohuwar katifar soso a cikin buhu ta isa, a inda iskar hunturu ba ta bugawa, don daga Disamba gaɓoɓin za su ƙara sandarewa. Kada ka bar ta tana kwanciya a yashin inuwa da ya jiƙe da fitsari, nan wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. In ka gani ka toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo, ka matse ta fito ɗungurungum. Bakin kunne ma a shafa basilin saboda ƙudan cizo. Kwanon ruwa da makwanci su tsaya wuri guda, mai raunin ido da sabo take tafiya. Tafiya kaɗan da asuba da bayan la'asar, minti goma, a kan ƙasa mai laushi. Sarƙa gajera ta fi komai lalata mata ƙugu.

Malam Habu:

In wani ya yi maka surutu: kare don tsaron dabbobi, gona ko farauta halal ne da nassin hadisi, kuma ga awaki a gidanka. Ka ware mata kwanonta, ta zauna a bayan gida. Tunda ka karɓa, cinta da shanta sun hau kanka.

Lawali:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na samu. Nauyi kilo 15. Ruwa wajen lita biyu kullum. Dasashi ya ɗan yi fari, zafi 39.7. Karne babu. Maigidan ya ce karnuka sun dame su kamar mako shida da suka wuce. Tun jiya ta ƙi abinci, ta yi amai sau ɗaya, tana yawan lasar ƙarƙashin wutsiya, kuma na ga wani ruwa ja-ja mai kauri da wari a buhun. Ganin tana wahalar tashi, akwai diklofenak a gida, in ba ta rabi?

Dakta Rabi:

Kada ka ba ta. Diklofenak da ibuprofen suna huda cikin kare suna kashe ƙoda, alamar ita ce kashi baƙi kamar kwalta da aman jini. Parasetamol ma kada ka gwada da kanka.

Abin da ka lissafa, mugunyar mahaifa ce har sai an tabbatar ba ita ba. Yau za ka kai ta, ba gobe ba. Fitar ruwan nan ya ɗan taimake ta, don bakin mahaifar a buɗe yake. Wadda ta rufe ta fi haɗari, tana iya fashewa a ciki. Saboda haka wurin ɗaukarta kada a danna ciki: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a bayan cinyoyi, ko mutum biyu su ɗauke ta a kan buhu. A adaidaita ko mota, ba a babur ba, da sanyin safe ko yamma in zai yiwu, takunkumin ƙyallen a kwance shi da zarar ta fara yunƙurin amai. Ruwa a bar mata, abinci a dakatar saboda ƙila a yi aiki. Ka tafi da fitsarinta a kwalba mai tsabta in ka samu tara.

Ka fara kiran ofishin kiwo na jiha ka tambayi likitan da ke yi wa karnuka tiyata, ba kowane mai duba shanu ke yi ba. Maganin gaskiya shi ne a cire mahaifar da ƙwayayen duka. Ka nemi a duba ƙoda kafin aiki, a sa mata ƙarin ruwa ta jijiya kafin maganin barci da lokacin aikin. In aka ce za a yi mata jantamisin, allurar kashe ƙwayar cuta, ka tambaya ko akwai wani, yana da nauyi ga ƙoda. Maganin kashe ƙwayar cuta shi kaɗai yana lafar da ciwon ne kawai, yakan dawo a barbara ta gaba ko kafin nan. Sau da yawa shan ruwan kan koma daidai cikin ƴan makonni bayan aiki, gubar mahaifar ce ke hana ƙoda riƙe ruwa.

In gwaji ya nuna ƙodar ta riga ta tafi, ko ba a samu mai aikin ba kuma ta daina ci da tashi, ka roƙi likita ya yi mata allurar da za ta tafi cikin barci. Kada a ba ta guba, kada a kai ta bakin gulbi a yar.

In an yi aikin lafiya, zare yana fita bayan kwana 10 zuwa 14. Ka sa mata tsohuwar riga ka ƙulle a baya don kada ta lashi ɗinkin, ka duba shi safe da yamma saboda ƙuda. Allurar haukan kare da Ivomec sai bayan an cire zare. Ciwon ƙafa kuwa, in ƙoda ta fito da kyau kuma tana ci, akwai meloksikam, miligiram 0.1 a kilo sau ɗaya a yini bayan abinci, wato miligiram 1.5 gare ta. Ƙwayar mutane mai 7.5 ninki biyar ce, shi ya sa na ruwa irin Metacam ya fi sauƙin aunawa. Ba a haɗa shi da deksametazon, wadda sau da yawa ita ce allurar ƙarfin da aka ce za a yi mata, kuma ranar da ta yi amai ko ta ƙi abinci a tsayar da shi. Ka turo mana lambobin ƙodar da na sukarin in sun fito.